Taƙaitawa: shin a ba gwamnati makullin saƙonninmu?

Jama'a, muhawarar da ake yi kan ko a ba jami'an tsaro hanyar karanta saƙonnin waya da manhajoji ke kullewa ta yi tsawo, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda babu ƙofar da za a buɗe wa jami'an tsaro su kaɗai. Duk ɓarauniyar hanyar da aka bari a manhaja, ɓarayi ma za su gano ta. An yi ta kawo misalin 2016, lokacin da FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta nemi kamfanin Apple ya taimaka a buɗe iPhone ɗin maharin San Bernardino a Amurka, kamfanin ya ƙi. Ƙarshe wasu ta biya suka buɗe mata.

2. A nan aka rabu. Wasu sun ce masu garkuwa da mutane ta waya suke cinikin kuɗin fansa, a bar hukuma ta bi sawu. Wasu suka ce ai yawanci kira ne na layi, kuma ƙa'idojin NCC (hukumar sadarwa ta Najeriya) na 2019 sun riga sun halatta sauraro da izinin kotu. Ni dai hujja ta biyun nan ta fi zauna mini.

3. WhatsApp na kulle saƙo, amma ajiyarsa ta Google Drive sai ka kunna makullinta da kanka.

4. A sa wa waya lambar sirri mai tsawo, kada a tsaya a huɗu.