Sulkena na ta komawa baya a wasan intanet na Black Desert, mi za ni yi?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum 'yan uwa, sati biyu ina tara kayan ƙarin ƙarfi, jiya da dare na gwada kai sulkena daga DUO (mataki na biyu na ƙarin ƙarfi) zuwa TRI (na uku) sai ya faɗi ya koma PRI (na farko), wallahi har barci ya gagare ni.

Abban Arkilla: Sannu ƙanena. Haka yake, daga DUO in ka kasa sai ya sauko mataki ɗaya. Sa Cron Stone, shi ka hana saukowa, amma akwai tsada.

Bash Gawon Nama: Tara failstack (yawan faɗuwar da ka tara, shi ka ƙara damar nasara) tukuna a kan kaya masu arha. Kuma duba ƙarkon sulken, kowace faɗuwa tana cinye shi, Memory Fragment ka gyara wannan.

Ɗan Mabera: Na gode yayana, failstack nawa ya isa?