Katin tafiya na gwamnati: zan iya sa tikitin madam a ciki?

Sabon Kurtu: Salamu alaikum 'yan uwa da ke aikin soja ko na gwamnati a nan Amurka. An tura ni kwas na sati uku a Texas, an ba ni katin bashin nan na tafiyar aiki na bankin Citibank, wato GTCC. Madam ta ce ƙafarta ƙafata. Zan iya sayen tikitinta da katin in biya daga aljihuna kafin wata ya ƙare? Ba wai zan nemi gwamnati ta biya ba.

Ɗan Zango: Wa alaikumus salam. Ka dai cika bauca, wato takardar neman a biya ka kuɗin tafiya, a DTS, shafin tafiye-tafiye na ma'aikatar tsaro, cikin kwana 5 na aiki bayan ka dawo, shi ke nan.

Sabon Kurtu: Yaya ba bauca na tambaya ba, tikitin madam.

Saja Mai Ritaya: Yaro kar ka kuskura. Katin na tafiyar aiki ne kawai, ko ka biya washegari laifi ne, kuma soja ana iya hukunta shi a kai. Ni da ban ma sayi komai na kaina ba na sha wuya, baucata ta kwanta a teburin wani oga da ya tafi hutu, kati kuwa da sunana yake, bashin a wuyana, kwana 61 suka cika aka dakatar da shi ina tsaye gaban otal da jaka a hannu, daga baya ga tarar dala 29, kwamanda ya kira ni kamar ɓarawo. Da ya kai kwana 126 daga albashi za su fara yanka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Biyu: Allah sarki Baba Saja. Amma ba ruwa a katin ko? Shi ne damuwata.

Saja Mai Ritaya: Ba ruwa, tara ce kawai.

Ɗan Zango: Dala 7,500 ne a ciki ai, ya isa har da surukai 😂

Maman Biyu: Nawa 4,000 ne.

Bakatsine: Don ba ki yarda a duba tarihin bashinki ba ne Hajiya. Kuma da girmamawa, Baba Saja ya bar aiki tun ana cika takarda da biro, Kurtu ka je wurin APC, jami'in da ke kula da katin a rundunarku.

Saja Mai Ritaya: Ina sanye da kaki kana tallan fura. Kai farar hula ne, ba a kai ka gaban kwamanda.

Ɗan Zango: Ni abin da ke ci min rai kuɗin abinci. Suna rubuta wai akwai abincin bariki sai su zaftare alawus, ka shiga ka tarar da naman alade, ka ƙare da shinkafa da salak.

Maman Biyu: Da azumi fa? Kafin a sha ruwa sun rufe.

Sabon Kurtu: To yanzu in ce wa madam me?

Bakatsine: Wane gari ne a Texas ɗin? Akwai mai suya na halal a Houston.