Tsohuwa za ta Umra: layin Nijar za ta riƙe ko ta sayi na can?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mahaifiyarmu za ta tafi Umra, daga Damagaram ta mota zuwa Kano, daga nan jirgi zuwa Jidda. Salularta mai sim biyu ce. Muna so mu riƙa jin muryarta kullum ba tare da kredi ya ƙone ba, kuma kada ta rasa lambar WhatsApp ɗinta. Yaya za a shirya mata wayar?

Mai Gyaran Salula:
Wa alaikumus salam. Allah ya kai Hajiya lafiya. Abin da ke cinye kuɗi a waje intanet ne, shi za ku fara toshewa. Ku shiga saitin layin Nijar, ku kashe "Itinérance des données", wato amfani da intanet ɗin layin a ƙasar waje. Forfen da aka saya a nan ba ya aiki a can sai in na tafiya waje ne musamman, don haka kowane mega daga kredi ake cire shi, a farashi mai tsanani. Waya kuma ba ta jiran a taɓa ta: tana sauke hotuna da bidiyon guruf, tana sabunta manhajoji da kanta. Shi ya sa mutum zai kwana da jika biyar ya tashi babu ko dala. A yi wannan tun a gida, domin wajen Dan Barto, bakin iyaka, waya kan kama rezon Najeriya tun ba a ƙetare ba.

Na biyu, wanda mutane da yawa ba su sani ba: a waje, amsa kira ma yawanci ana biya. Ka kira ta a layin Nijar, kai ka biya, ita ma a cire mata. Saƙon SMS ne kawai galibi ake karɓa kyauta. Ku danna ##002# ku kira, zai soke duk wata karkatar da kira zuwa akwatin saƙon murya, don shi ma wasu kamfanoni na lissafa shi. Kafin tafiya ku je ofishin kamfaninku, Airtel ne ko Moov ko Zamani, a tabbatar an buɗe wa layin aiki a waje, a faɗa muku kuɗin minti na kira da na amsawa.

In ta sauka Jidda, akwai shagunan STC da Mobily da Zain a filin jirgi. Da fasfo ake sayen sim ɗinsu, ana ɗaukar zanen yatsa. A sa shi a gurbi na biyu, a zaɓe shi a matsayin layin intanet da na kira.

Hajiya ta Zango:
Ɗana, duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ni a ganina a cire sim ɗin Nijar ɗungurungum in dattijuwa ce. Waya mai sim biyu tana tambayar layin da za a kira da shi, a cikin cunkoson Harami kuwa hannu na iya danna wanda ba shi ba. A naɗe shi a takarda a ajiye tare da fasfo.

WhatsApp ba ya bin sim. Lambarta ta +227 za ta ci gaba da aiki da intanet ɗin layin Saudiyya, muddin ba a goge manhajar ba kuma ba a danna canja lamba ba. Ku gargaɗe ta kada ta bari mai shago ya "gyara" mata shi. Kiran WhatsApp kuma ba kullum yake shiga a layukan Saudiyya ba, amma saƙon murya yana tafiya lafiya lau. Ku sa mata manhajar kira ta IMO tun a nan, ku gwada tare har hannunta ya saba. Kiran murya ba ya cin mega sosai, na bidiyo ne mai ci.

Ɗan Birni:
Na gode ƙwarai, Hajiya. To kwana ɗaya da za ta yi a Kano fa, a saya mata layin Najeriya?

Mai Gyaran Salula:
Bai cancanci wahalar ba. Don kwana ɗaya, wanda ya raka ta ya raba mata intanet daga wayarsa ya isa. Maganar Hajiya ta cire sim na yarda da ita, in dai babu wata lambar sirri ta banki ko ta tura kuɗi da ake jira ta SMS. In akwai, a bar shi ciki amma a kashe shi daga saiti, a kunna lokacin buƙata kawai.

Ku gyara lambobin da ke wayarta, kowace ta fara da +227 sannan lambobi 8, in ba haka ba kira daga can ba zai shiga ba. Ku saya mata kan caji mai ƙafa uku masu faɗi, don irin namu mai ƙafa biyu zagayayyu ba ya dacewa da yawancin soket ɗin otal-otal na Makka da Madina. Manhajar Nusuk, da ake neman izinin shiga Rauda da ita, a sauke ta a gida. Sannan Saudiyya tana gabanmu da awa 2: ƙarfe 9 na dare a Damagaram ƙarfe 11 ne a Makka, ga tashin asuba na jiranta. Ku tsayar da lokacin kira da hantsi ko bayan la'asar ta can.