Maganar igiyar injin ɗaure harawa, ga abin da aka ce

Jama'a maganar da ake ta yi kan tsinkewar igiya da cukurkuɗewarta a injin ɗaure harawa ta yi tsawo, bari in tattaro mana ita tunda kaka ta zo, harawar wake da ta gyaɗa na jira a gona.

1. Kusan kowa ya yarda a zare igiya daga cikin dunƙule, sai a ɗaure bakin waje na wanda ke aiki da bakin ciki na sabon, in aka juya dunƙulen kansa ƙasa igiyar murɗewa take ta cukurkuɗe.

2. Ƙullin haɗi ya zama ƙarami, a ja shi tam a datse jelar, don babban ƙulli shi ke maƙalewa a idon allurar injin ya tsinke. Nan aka rabu, masu igiyar sisal (ta zaren tsiro) sun ce ƙulli biyu na gicciye ya isa, wani ma kan jiƙa shi ya ɗan buga da guduma ya kwanta. Masu igiyar roba suka ce ina, tana da santsi, sai an ƙara zagaye ɗaya ko a bar jela kaɗan. Ni dai nawa ganin kowa da irin igiyarsa yake magana.

3. Kar a haɗa siririya da mai kauri.

4. Da yawa sun ce ba igiya ba ce matsalar, ƙaiƙayi da ƙurar hunturunmu na Daura ne ke cika wurin da injin ke ƙulla igiyar, ga wuƙa ta dakushe ko ƙugiyar ƙulli ta yi tsatsa. A hure da iska kullum, giris kaɗan don yawansa ƙura yake kamawa.

5. Don Allah a kashe tarakta kafin a sa hannu wajen allura.