Ɗan boksin mai shekara 35 da kwantiragin shekara uku: ya sa hannu?

Ɗan Kubwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san cikin harkar damben boksin. Akwai wani ɗan dambe a nan Abuja, shekararsa 35, ya daɗe yana wasa da lasisin NBB of C, hukumar kula da damben boksin ta Najeriya. Wani mai shirya wasa ya kawo masa takarda: shekara uku ba zai yi wa kowa dambe ba sai shi, za a riƙa nuna wasanninsa a talabijin da intanet, kuma shi mai shirya wasan ne zai zama manajansa. Sannan sai ya bar kocinsa ya koma hannun kocin kamfanin a Legas. Takardar ba ta faɗi wasa nawa za a ba shi a shekara ba. Ya sa hannu ko ya ƙi? In gyara za a nema, ta ina za a fara?

Malam na Garki:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ya sa hannu a yadda take. Babbar matsalar ita ce mutum ɗaya ya zama mai shirya wasa kuma manaja. Mai shirya wasa ribarsa tana cikin ya biya ɗan dambe kaɗan, manaja kuwa aikinsa ya ƙwato masa da yawa. In ka haɗa su a jikin mutum ɗaya, an ba kura ajiyar nama. Shi ya sa dokar Muhammad Ali da Amurka ta yi a 2000 ta raba ayyukan biyu. Dokar ba ta aiki a Najeriya, amma ba abin da ya hana shi kafa wannan sharaɗi da kansa.

Sai tsawon lokacin. Mai shekara 35 shekara uku ita ce kusan duk abin da ya rage masa. Ya nemi wata 12 zuwa 18, a rubuta cewa dole a ba shi aƙalla wasa uku a shekara, a rubuta mafi ƙarancin kuɗin wasa mai turmi takwas, da mai goma, da na kambu mai turmi 12. A ƙara cewa in wata shida suka wuce ba a ba shi wasa ba, kuma ba rauni ne ya hana shi ba, yarjejeniya ta mutu da kanta. Rashin wannan layin ne ke cinye 'yan dambe. Andre Ward, yana riƙe da kambun duniya, rigimar kwantiragi ta zaunar da shi daga Nuwamban 2013 zuwa Yunin 2015. Mikey Garcia ya yi wajen shekara biyu da rabi bai hau fage ba saboda irin wannan. Su lokacin ƙuruciya na gabansu, suka dawo. Mutuminka in ya zauna haka, shi ke nan.

A duba kuma ko akwai inda aka ce kwantiragi zai ƙara tsawo da kansa in ya ci kambu ko in ya ji rauni. A goge shi, ko a ƙayyade masa wata shida. A nemi a sa kuɗin fansar kai tun yanzu. Floyd Mayweather dala 750,000 ya biya kamfanin shirya wasa na Top Rank a 2006 ya fita, domin ƙofar tana rubuce a takardarsa.

Lauyan da zai karanta takardar ya zama shi ɗan damben ne ya biya shi, ba wanda kamfani ya turo ba.

Koci daga Nyanya:
Malam ya gama magana a kan takarda. Ni batun koci zan taɓa. Ɗan damben da ya kai wannan shekaru ba a sake masa tsayuwa ko yadda yake jefa hannu, jiki ya riga ya haddace. Abin da koci zai iya gyarawa a zaman atisaye na mako takwas zuwa goma shi ne numfashi, tsaron fuska, da dabarar abokin karawa ɗaya. Sabon koci kuwa zaman farko duk a sanin mutum yake tafiya: yaushe yake sauke hannun dama in ya gaji, me za a faɗa masa a hutun minti ɗaya ya ji.

Ku dubi Anthony Joshua. Rob McCracken ne ya riƙe shi har Usyk ya doke shi a 2021. Ya koma wurin Robert Garcia, Usyk ya sake doke shi a Jidda a 2022. Ya tafi wurin Derrick James, daga nan Ben Davison, ya ci wasanni, sai Daniel Dubois ya buge shi ƙasa ya gama wasan a turmi na biyar a Wembley a 2024. Sauyin koci ba ya mayar da shekaru baya.

Shawarata ya riƙe kocinsa a matsayin mai magana a kusurwa, ya karɓi na kamfani a matsayin mataimaki. Legas kuwa ya je, don can abokan gwajin naushi suke da yawa, amma mako uku ko huɗu kawai. A daina gwaji mai ƙarfi kwana goma kafin wasa, saboda tsagewar gira a makon ƙarshe kaɗai ta isa ta soke komai. Kuma a rubuta wa zai biya koci na biyu. Al'ada koci kashi 10 yake ɗauka. In an yi shiru, kashi 20 zai fita daga aljihunsa.

Ɗan Kubwa:
Na gode, Allah ya saka. To batun talabijin fa? Shi ne ya fi jan hankalinsa, an ce masa za a gan shi a duk Afirka.

Hajiya ta Wuse:
Ɗan Kubwa, ka tambaye shi: kuɗin nuna wasan hannun wa zai shiga? Gidan talabijin da mai shirya wasa yake ƙulla ciniki, ba da ɗan dambe ba. Ko GOtv Boxing Night da aka fara a 2014, kamfanin Flykite ne ke shirya shi, tashar SuperSport ta nuna. Saboda haka alkawarin "za a nuna ka" ba kuɗi ba ne sai an rubuta. A rubuta sunan tashar, da cewa wasansa kai tsaye za a nuna, da ƙarin da za a yi masa in shi ne babban wasan dare. A rubuta kuma abin da zai faru in tashar ta janye. Canelo Alvarez ya ƙulla yarjejeniyar dala miliyan 365 da DAZN, tashar nuna wasanni ta intanet, a 2018 kan wasa 11, amma a 2020 sai da ya kai su kotu, su da Golden Boy, kamfanin da ke shirya masa wasa, kafin ya samu kansa.

Akwai abin da ake yawan mantawa: bidiyon. Duk mai zuwa gidan damben gargajiya na Dei-Dei ya ga yadda wayoyi ke tashi sama da an yi kisa, bidiyon ya yi shekaru yana yawo a YouTube, wanda ya yi kisan kuma iyakarsa abin da ya samu a daren. Ya nemi izinin sa guntayen wasansa a shafukansa bayan kwana biyu ko uku, kuma ya riƙe haƙƙin sa tallar da ya samo da kansa a wandonsa da rigar shigarsa.

Ya yi lissafi kafin ya yi murna. A ce naira miliyan biyu aka yanka masa. Manaja ya cire kashi 25, dubu 500 ke nan. Koci dubu 200. Mai tsayar da jini a kusurwa wajen dubu 40. In na kambu ne, ƙungiyar da ke da kambun takan ɗauki kashi 3. Abinci, masauki da abokan gwaji na wata biyu duk daga ragowar za su fito, sai in an rubuta kamfani ne zai ɗauka.

Malam na Garki:
Hajiya, haka ne, sai dai kada mu sa ya ƙi tayin gaba ɗaya. Mai shekarunsa da ba shi da kamfani yakan koma wanda ake kira kwana biyar kafin wasa, a kai shi waje ya zama tsanin wani yaro mai tasowa. Nan haɗarin yake. Segun Olanrewaju yana da shekara 40 ya faɗi a fage a Accra a Maris ɗin 2025 ya rasu, Allah ya kyauta. Don haka a ƙara abu uku a takardar: yana da ikon ƙin abokin karawa, ba za a ba shi wasa da sanarwar ƙasa da mako shida ba, kuma kamfani ne zai biya hoton ƙwaƙwalwa, gwajin ido da na zuciya duk shekara. Wasan waje kuma kada ya taka sai da takardar izinin NBB of C a hannunsa. In mai shirya wasan ya yarda ya sauka daga manaja, ya kuma rubuta adadin wasanni, sauran ana iya ciniki a kansu. In ya ƙi waɗannan biyun, a mayar masa da takardarsa.