Shiga metro da fita yawo a Alƙahira: kowa ya faɗi abin da ya gani

Abu Sumayya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makonni biyar ke nan da isowata Alƙahira tare da iyalina da 'yarmu mai shekara uku. Muna zaune a Hayyul Ashir, kuma in ban da zuwa karatu da kasuwar unguwa babu inda muka taɓa leƙawa. Kuɗin tasi ya fara yi mini nauyi, mai ɗakina kuma zaman gida ya ishe ta, har na ga ta rage walwala. Kowa sai ya ce mini "ku shiga metro mana", amma ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba ko a gida, balle wanda ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Don Allah waɗanda suka jima a garin nan su ba mu labarin yadda suka fara, da wuraren da mutum zai kai iyali ranar Juma'a su sha iska.

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Malam, barka da zuwa. Na yi shekara shida a Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, nan Abbasiyya, don haka metro ya zame mini kamar ƙafa. Abin da zan fara gaya maka shi ne, ka daina tambayar "wane jirgi ne ke zuwa wuri kaza". Ka riƙa duba sunan tashar ƙarshe da aka rubuta a allo bayan kalmar *ittijah*, wato inda jirgin ya nufa. Layi na ɗaya yana tsakanin Hilwan a kudu da Marj a arewa. Na biyu daga Shubra Al-Khaima zuwa Munib, yana ratsawa ta ƙarƙashin kogin Nilu. Na uku, wanda ya fi kusa da ku, ya fara aiki a 2012 tsakanin Ataba da Abbasiyya, daga baya aka yi ta ƙara masa tsawo. Idan ka san ɓangaren da za ka nufa, ka gama rabin aikin.

Ranar farko da na shiga ni kaɗai, zan je Ramsis ne daga tashar Sadat. Na sauka ta matakalar da ba ita ba, na shiga mai zuwa Hilwan. Ina zaune ina jiran tashar Shuhada, wadda ke Ramsis ɗin, sai kawai na ga jirgi ya fito fili, rana ta haska cikin tarago, gidaje na wucewa ta taga. Hankalina ya tashi sosai. Wani dattijo mai jallabiya da ke kusa da ni ya lura, ya karɓi tikitina ya duba, ya sauka tare da ni a Sayyida Zainab alhali ba nan zai sauka ba, ya raka ni har ɗaya gefen, ya tsaya sai da na shiga. Har yau ina yi masa addu'a. A ranar na gane cewa yawancin layi na ɗaya a sarari yake tafiya, tashoshin tsakiyar gari ne kawai ke ƙarƙashin ƙasa.

Metro bai iso Hayyul Ashir ba. Sai kun hau mikrobas, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Abbasiyya, daga nan ku sauka ƙasa.

Maman Hanifa:
Malam, ka isar wa 'yar'uwata wannan saƙon. Akwai taragon mata a tsakiyar kowane jirgi, kuma a kan dandamalin jira akwai allo da ke nuna daidai inda zai tsaya, an rubuta *sayyidat*. Ta tsaya a ƙarƙashin allon nan ita da yarinyar. Kai kuma ka shiga taragon da ke manne da nasu, amma kafin ku rabu ku yi magana ɗaya a kan tashar da za ku sauka, kuma ku ƙirga tashoshi nawa ne. Ni da maigidana mun taɓa rabuwa saboda rashin yin haka. Ya sauka a Ataba, ni ƙofa ta rufe ina ƙoƙarin fitar da keken yaro. Na wuce gaba ba waya a hannuna, domin tana aljihunsa. Kuka ne kawai ban yi ba. Wata mata ta ce in sauka a tasha ta gaba in zauna a benci kada in motsa, shi zai biyo ni. Haka aka yi, bayan 'yan mintuna ya iso. Tun daga ranar muka yi ƙa'ida: wanda ya wuce, ya sauka a tasha ta gaba ya jira.

Cikin taragon mata kuwa wata kasuwa ce. Masu talla na bi da safa, ɗankunne, man shafawa, tsinken hijabi. Sukan ajiye miki kaya a cinya su wuce, in sun dawo ki miƙa kuɗi ko ki mayar, babu mai jin haushi. Da yaro a hannu da wuya ki tsaya, wata za ta tashi ko ta karɓe shi ta ɗora a cinyarta. Rabin Larabcin Masar da na iya a nan na koye shi, ba a aji ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Ni zan ɗan saɓa wa masu zuga ku. Metro alheri ne, amma kada ka kai ƙaramar yarinya tashar Shuhada ko Ataba da ƙarfe takwas na safe ko uku na rana a ranar aiki. Ba kai kake shiga ba, tura ka ake yi, haka ma wajen fita. Idan kana nesa da ƙofa kuma tasharka ta kusa, sai ka fara tambayar na gabanka "nazil?", wato za ka sauka? In ya ce a'a ku yi musayar wuri, a haka har ka kai bakin ƙofa. Wanda ya ji nauyin yin magana, tasharsa za ta wuce shi.

A irin wannan turmutsutsun aka zare mini waya daga aljihun gefe na kaftani. Aljihun kaftaninmu a buɗe yake, hannu na shiga ba ka sani ba. Yanzu waya da kuɗi a 'yar jaka nake sa su, in rataya a ƙirji. Sannan ka riƙe tikitinka har ka fita, domin ƙofar fita ma sai da shi take buɗewa. Lokacin da na zo fam ɗaya ne duk inda za ka. A 2017 ya koma fam 2, a 2018 aka mayar da shi gwargwadon yawan tashoshi, fam 3, 5 da 7, kuma an yi ta ƙari bayan nan. Ka faɗa wa mai sayar da tikiti sunan tashar da za ka, shi zai ba ka wanda ya dace.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya Malam ya faɗa. Shi ya sa fitarku ta farko ta kasance ranar Juma'a da safe. Gari shiru, tarago fayau, za ku zauna ku karanta taswirar da ke saman ƙofa a natse.

Hajiya Mai Jinya:
Ni ba karatu ya kawo ni ba, mahaifiyata na kawo asibiti, muka yi wata huɗu a Dukki. Wanda ya yi jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda ƙirji ke cika. Idan ƙanena ya karɓe ni da la'asar, sai in shiga metro a Dukki, tasha ɗaya tak in sauka a Opera, in tako a ƙafa zuwa gadar Ƙasrun Nil, mai gumakan zakuna a bakinta. In tsaya in riƙe ƙarfen gadar, iska na kaɗa mayafina, jiragen ruwa na wucewa da fitilu da kiɗa, ga masu gasa masara da masu tura kurar dankalin Hausa gasasshe, hayaƙi na fita ta bututu. Ba na kashe abin da ya wuce kuɗin tikiti da kofin ruwan rake, amma in na koma wajen Hajiya sai in ji na samu ƙarfin kwana a zaune. Allah Ya ba ta lafiya, mun dawo gida.

Ɗana, kada ka raina ƙorafin matarka. Zaman bene hawa na biyar ba maƙwabciyar da za ki gaisa da ita da harshenki, ciwo ne. Ka fitar da ita ko sau ɗaya a mako.

Abu Sumayya:
Amin Hajiya, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Na karanta mata saƙonki, sai da ta share hawaye.

Ustaz Bagobiri:
Ga inda ni nake kai baƙi. Daga Abbasiyya ka shiga layi na uku ka sauka a Babush Sha'ariyya. Tafiya kaɗan za ta kai ka Babul Futuh, ka shiga titin Mu'izz, ka gangara cikin tsofaffin masallatai da makarantu har kasuwar Khan Khalili, Masallacin Husaini da Jami'ul Azhar, wanda Faɗimiyyawa suka fara ginawa a 970. Idan ka shiga harabar Azhar ka tuna cewa ba mu ne farkon zuwa ba, domin a cikin ruwaƙan ɗalibai na masallacin akwai wanda aka keɓe wa mutanen Barno tun zamanin da ake zuwa a kan raƙumi. Ni duk sanda na zauna a kan marmarar nan bayan sallah, wannan tunanin ke rage mini kewar gida.

Domin yarinya kuwa, Hadiƙatul Azhar ta fi. An buɗe lambun a 2005, Gidauniyar Aga Khan ce ta gina shi a kan tudun da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana juji. A wajen aikin ne aka tono ganuwar zamanin Salahuddin da shara ta binne. Yanzu ciyawa ce kore shar, da maɓuɓɓugan ruwa, da wurin wasan yara. Ana biyan kuɗin shiga. Ku je bayan la'asar ku hau tudun, ku fuskanci Ƙal'a, tsohon sansanin da Salahuddin ya fara ginawa, da Masallacin Muhammad Ali. Idan magariba ta yi, kiran sallah zai taso daga hasumiyoyin tsohon gari ta ko'ina, wani na bin wani. Ɗana ƙarami ya daina gudu ranar, ya tsaya cak yana juya kai yana neman inda muryoyin ke fitowa.

In kana son littattafai masu sauƙin kuɗi, Surul Azbakiyya na nan dab da tashar Ataba. Sannan wata Juma'ar ka bi layi na ɗaya zuwa Mar Jirjis, ka yi sallah a Masallacin Amru bin Al-As, masallacin farko da aka gina a Masar.

Yaya Babba:
Akwai abin da ba wanda ya ambata, kuma gara ku ji daga bakinmu. Wani lokacin za ku haɗu da yara ko samari marasa tarbiyya su kira ku "samara" ko "shokolata" saboda launin fata. An yi mini a tarago, gaban 'ya'yana. Ya yi mini zafi ƙwarai, har na yi kusan wata ban sake shiga ba. Amma a ranar ma, kafin in buɗe baki wani mutum mai jakar ofis ya daka wa yaran tsawa, ya juyo ya ba ni haƙuri. Ban ce ku saba da abin ba, bai kamata a saba da shi ba. Ina dai roƙonku kada ya sa ku kulle kanku a ɗaki. Kun biya tikiti kamar kowa.

Maman Hanifa:
Haka ne Yaya. Malam Abu Sumayya, mu ma Juma'ar nan lambun Azhar za mu. In kun yarda mu haɗu a tashar Abbasiyya bayan an sauko masallaci, ni in shiga taragon mata da ita, ku maza ku bi na kusa. Ta taho da ruwan sha da rigar sanyin yarinya, tudun nan akwai iska da yamma.

Abu Sumayya:
Mun yarda, Allah Ya saka da alheri. Za mu fito da wuri saboda mikrobas. Ta ce in tambaya ko ana barin shiga da abinci, tana so ta yi mana dambun shinkafa.