Neman shawara: Shin gwajin da aka yi wa ɓeraye ya isa hujjar ba mahaifiyata garin naman kaza don ciwon gwiwa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ta haura shekara 60, kuma ta daɗe tana fama da ciwon gwiwa, har ta kai sallah ma a zaune take yin ta. Likita ya ɗora ta a kan Diclofenac, amma kwanan nan ta fara kukan zafin ciki. Wata maƙwabciyarmu mai sayar da kayan ƙarin lafiya ta kawo mana garin wani naman kaza da ake kira Ganoderma, ta kuma nuna mini wani rubutu a wayarta da ke cewa masana sun gwada shi a kan ɓeraye sun ga yana kashe raɗaɗi. Shin wannan magana gaskiya ce, kuma ya dace mu ajiye maganin asibiti mu koma kansa?

Wani malamin ilimin magunguna: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, domin an yi irin waɗannan gwaje-gwaje. Wannan naman kaza, wanda mutanen Sin ke kira lingzhi, Japanawa kuma reishi, ya daɗe a cikin maganin gargajiyarsu. A 1997 wasu masana a Japan sun tace wasu sinadarai daga cikinsa da ake kira ganoderik asid, suka ga sun rage alamun raɗaɗi a jikin ɓeraye, a 2008 kuma masana a Brazil suka sami sakamako makamancin haka da sinadarin beta-gulukan na wani naman kazan daban mai suna Pleurotus pulmonarius.

Sai dai ya kamata ki san yadda ake auna raɗaɗin dabbar da ba ta magana. Hanyar da aka fi bi ita ce a yi wa ɓera allurar ruwan asetik asid marar ƙarfi a ciki, sannan a zauna ana ƙirga sau nawa ya murɗe jikinsa cikin minti 20 zuwa 30. Idan wanda aka ba magani bai murɗe kamar ɗan uwansa da ba a ba maganin ba, sai a rubuta cewa maganin ya yi aiki. Matsalar wannan gwaji ita ce duk abin da zai sa ɓera kasala ko ya saki jijiyoyinsa zai rage murɗewar, ko da bai taɓa raɗaɗin ba, shi ya sa masu kula suke ƙarawa da ɗora shi a kan sanda mai juyawa don a ga ko ƙafafunsa na nan da ƙarfinsu. Akwai kuma gwajin faranti mai zafin digiri 55, da na allurar fomalin a tafin ƙafa. Dukkansu raɗaɗi ne na 'yan mintuna a jikin lafiyayyar dabba, alhali ciwon Mama na guringuntsi ne da ya shafe shekaru yana zaizayewa. Bugu da ƙari, a gwajin na Brazil allurar tataccen sinadari aka yi wa ɓerayen a ciki, ba gari aka dama musu a shayi ba, kuma abin da ya bi ta hanji ba lalle ne ya isa jini da yawan da ake buƙata ba.

Wani dattijo: Malam, ban ƙi bayaninka ba, amma ƙanena ya sha irin wannan gari na wani lokaci, kuma da bakinsa ya gaya mini ya ji sauƙi a gaɓoɓinsa. Ba duk abin da ke da amfani ne sai Turawa sun sa masa hannu ba.

Malamin: Ranka ya daɗe, ba na musun cewa ya ji sauƙi, sai dai ciwon gaɓoɓi yakan lafa ya tashi da kansa, musamman idan sanyi ya wuce. Kuma waɗanda suka gwada shi a kan mutane ba Turawa ba ne. A 2007 likitoci a Hong Kong sun raba masu amosanin gaɓoɓi irin na kumburi (rheumatoid arthritis) su 65 gida biyu, suka ba kashi ɗaya Ganoderma haɗe da wani maganin gargajiya na Sin tsawon mako 24, ɗaya kashin kuma aka ba shi maganin da ba komai a cikinsa. Waɗanda suka sha na gaskiyar sun ce raɗaɗi ya ɗan ragu, amma ba a ga ya rage kumburi ko ya sauya cutar ba, kuma tunda haɗi ne, ba a san wanne daga cikin biyun ya yi aikin ba. Amosanin nan ma daban yake da zaizayewar gwiwa irin ta tsufa.

Wata mai haɗa magunguna: 'Yar uwa, ni abin da ya fi tayar mini da hankali a tambayarki shi ne zafin cikin. Diclofenac yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini, yana kuma wahalar da ƙoda a jikin tsofaffi, don haka ki mayar da Mama asibiti cikin wannan mako, idan kuwa bayan gidanta ya yi baƙi, to, a tafi a ranar. Likita zai iya sauya mata zuwa na shafawa, ko ya haɗa mata da maganin kare ciki, ya kuma tura ta wurin masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi. Shi kansa Ganoderma an sami rahoton mutanen da hantarsu ta lalace bayan shan garinsa, kuma ana gargaɗin masu shan maganin tsinka jini a kansa, saboda haka haɗa shi da Diclofenac a cikin da ya riga ya fara ciwo ganganci ne. Ki duba jikin kwalin, za ki tarar yawancin irin waɗannan kaya suna ɗauke da rubutun cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin warkarwarsu ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama tana shan maganin hawan jini ma, shin in tafi da shi?

Mai haɗa magungunan: Ki tafi da shi, tare da kwalin garin da duk wani jiƙo da take sha, domin Diclofenac yana rage ƙarfin wasu magungunan hawan jini, kuma likita zai so a auna mata ƙoda kafin ya rubuta wani.